Zanzibar: Tsibirin Da Wata Ke Tsara Wa Baƙo Hutunsa

A gabashin tsibirin Unguja teku ba ya kwana inda ya wuni. Mutum zai kama ɗaki a Paje ko Jambiani saboda hoton da ya gani a waya, ruwa shuɗi yana lasar gindin bishiyoyin kwakwa, amma ya fito da hantsi da shirin wanka ya tarar babu ruwan. Ya janye. Abin da ya rage fili ne fari fat, jiƙaƙƙe, da ya miƙa fiye da kilomita guda, kwale-kwale sun karkace a kan yashi, can nesa kuma wani farin zaren kumfa inda igiyar ruwa ke dukan katangar murjani. Bayan kamar sa'o'i shida ruwan zai dawo, a hankali da farko yana cika ramuka, sannan da gaggawa, har ya zo ya taɓa matakalar otal. Sau biyu yake yin haka a kowace rana, kuma kullum yana ƙara jinkirin kusan minti 50 a kan na jiya.

Masu tallan hutu ba su cika faɗin wannan ba, alhali shi ne ke hukunta komai: lokacin wanka, lokacin tashin jirgi, ranar da za a samu kifi da araha, har da gefen tsibirin da ya kamata baƙo ya sauka. Mai jan ragamar kuwa wata ne. Wanda ya saba duba kwanan wata na Musulunci ya riga ya san rabin halin tekun nan tun bai bar gida ba. A kwanakin tsayuwar wata, da kuma tsakiyarsa lokacin da ya cika, ruwa kan yi cika mai yawa ya kuma janye da nisa, bambancin ya kai kusan mita 4. Masunta suna kiran waɗannan kwanaki bamvua. Wajajen takwas ga wata da ashirin da uku kuwa sai teku ya yi sanyin jiki, ba ya cika sosai ba ya kuma janyewa sosai, su ce maji mafu. Otal-otal da yawa suna rubuta jadawalin a allo kusa da teburin karɓar baƙi. A ganina babu takardar da ta kai wannan allo amfani a duk tafiyar.

Sunan Zanzibar ya haɗa rukunin tsibirai ne a Tekun Indiya, kilomita 25 zuwa 50 daga gaɓar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, kuma Unguja, mai tsawon kusan kilomita 85, shi ne wanda baƙi ke nufi idan sun ce za su Zanzibar. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi. Suna cikin Tanzaniya, amma suna da shugabansu da majalisarsu, shi ya sa ko daga Darussalam ka tsallako sai an duba maka fasfo. Baƙin da suka shigo daga ƙasashen waje a 2024 sun haura 700,000.

Filin da ruwa ya bari

Idan ruwa ya janye a kwanakin bamvua, baƙon da ya yi fushi ya koma ɗaki ya yi asara. A lokacin ne gaɓar ke cika da jama'a. Mata ne ke fara fita, sanye da zanen kanga, ɗauke da buhuna da igiyoyi, su yi ta tafiya har su zama ɗigo-ɗigo a cikin hasken rana. Gonakinsu suna can cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba: turaku a jere, an ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan, a jikin igiyar an ɗaɗɗaure rassan ciyawar teku da suke kira mwani. Bayan kamar mako shida sai a girbe, a bar wani sashe a sake dasawa, a kwaso sauran a ka zuwa ƙauye a shanya har launinsa ya juya.

Wannan noma bai tsufa ba. A 1989 aka fara shi don kasuwa a Paje da Jambiani, da irin da aka kawo daga Filifin. Yau masu yinsa a tsibiran biyu sun haura 20,000, mafi yawansu mata. Ana fitar da busasshen zuwa Turai da Amurka da Asiya, inda ake tace wani sinadari mai sa kauri da ke shiga man goge baki da askirim. Wataƙila ka sha goge haƙoranka da gumin matan Jambiani ba ka sani ba. Kuɗin da suke samu kuwa ba ya taka kara ya karya, don kilo guda na busasshen irin da aka fi nomawa bai kai rabin dala ba. Irin da ya fi tsada ba ya jure ɗumin da ruwan gaɓa ya ƙara yi a shekarun nan, yakan yi fari ya ruɓe, sai a zurfi yake yi, zurfi kuma yana bukatar jirgi da iya iyo, abubuwan da yawancin matan ba su taso da su ba. Wasu ƙungiyoyinsu sun koma sarrafa ciyawar da kansu, suna yin sabulu da man shafawa suna sayar wa baƙi. Sayen sabulun nan ya fi ɗaukar hotonsu ba izini daraja, kuma sun gaji da masu hoton.

Ba su kaɗai ne a filin ba. Akwai masu bin ramukan duwatsu da tsinken ƙarfe suna zaƙulo pweza, halittar nan mai hannaye takwas, wadda ake bugawa a kan yashi har ta yi laushi kafin a dafa ta da madarar kwakwa. Akwai tsibin duwatsu nan da can waɗanda baƙo zai ɗauka wasan yara ne. A ƙarƙashinsu ɓawon kwakwa ne aka binne na watanni, ruwan gishiri yana jiƙa shi, daga baya a tono a daddaka a murza igiya. Yara suna tsintar ƙaguwa da dodon koɗi. Mai son ya taka har bakin katangar murjani zai iya, da ɗan jagora da takalmin roba, domin bushiyar teku tana kwance a ramuka kuma ƙayarta tana karyewa a cikin ƙafa. Ya kuma riƙa waiwaye. Ruwa ba ya dawowa ta gaba kawai, yakan zagayo ta kwari ya tare hanya.

Shi hutun fa?

Yana nan, kuma ba ƙarya a cikinsa. Yashin gabas lallausa ne, garin murjani da ɓawon halittun ruwa, fari ne har yana kashe ido, kuma ba ya ƙona ƙafa ko da rana tsaka. Katangar murjanin nan tana tare manyan igiyoyi, don haka idan ruwa ya cika sai ya zama tafki mai ɗumi wanda ake hango ƙasansa. Rana daga cikin teku take fitowa. Wanda ya idar da sallar asuba ya fito bakin ruwa zai ga masunta suna ɗaga zanen iska na ngalawa, kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungumen mangwaro a sa masa fukafukai biyu na katako don kada ya kife. Daga nan sai karin kumallo da gwanda da abarba da shayi mai kayan ƙamshi, sai kwanciya a gadon igiya a inuwa, sai yaro ya sare maka kan ɗanyar kwakwa ka shanye ka kankare naman da ɓawonta. Kalmar da za ka fi ji ita ce pole pole, wato sannu a hankali, kuma da gaske suke. Abincin da ka yi oda zai zo, amma ba yanzu ba.

Iska ma tana da kalandarta. Daga wajajen Disamba zuwa Maris kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, lokacin zafi ke nan. Daga Yuni zuwa Satumba kusi ce daga kudu, gari ya yi sanyi-sanyi, sama ta washe. Tsakaninsu akwai masika, babbar damina ta Maris zuwa Mayu, inda wasu otal-otal ke rufewa wasu su karya farashi, sai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Waɗannan iskoki biyu su suka yi Zanzibar. Ƙarnuka da dama kaskazi ce ke kawo jiragen katako daga Oman da Farisa da Indiya da dabino da tufafi, kusi ta mayar da su da hauren giwa da katako da bayi. Yau iskar guda ce ke jan samarin Turai a Paje, suna tsaye a kan allo, wata babbar lema mai igiya tana fizgarsu a kan ruwa. Idan iska ta yi kyau sararin Paje cike yake da lemomin nan, dare kuma da kiɗa. Mai neman shiru ya matsa kudu zuwa Jambiani ko arewa zuwa Bwejuu da Matemwe.

Wanda kuma bai da haƙurin jiran ruwa, arewa ce tasa. A Nungwi da Kendwa, kamar tafiyar sa'a ɗaya da rabi daga birnin Stone Town, gaɓa tana da gangare, saboda haka ana iya wanka kusan kowane lokaci, ga faɗuwar rana a cikin teku. Farashin wannan sauƙi shi ne cunkoso. Otal ya jingina da otal, kuma ba za ka yi taku ashirin ba sai wani ya tare ka da tayin yawon jirgi, ko wani saurayi cikin jan mayafin Masai ya buɗe maka sarƙoƙin duwatsu. Mutanen gari suna kiran 'yan tallan bakin teku papasi, sunan wani ƙwaro mai maƙalewa, amma yawancinsu neman halali suke, kuma sallama da "asante" cikin fara'a ta ishe su.

Abin da ya fi cancantar gani a Nungwi yana bayan otal-otal ɗin, inda masassaƙa ke gina jiragen katako a ƙarƙashin bishiyoyi. Babu zane a takarda. Gizago ne da zarto da igiyar awo da abin huda katako da ake murzawa da baka, sai audugar da ake jiƙawa da mai a cusa tsakanin alluna don kada ruwa ya shiga. Jirgi ɗaya yakan ci watanni. Kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa akwai wani tafki na halitta inda mutanen ƙauyen ke jinyar kunkurun teku da suka faɗa koma kafin a sake su. Daga nan ko daga Matemwe ake tashi zuwa kewayen Mnemba, inda ake sa tabarau da bututun numfashi a kifa fuska cikin ruwa a kalli kifaye kala-kala a tsakanin murjani. Tsibirin kansa na masu otal ɗin da ke kai ne, ba a barin kowa ya sauka. Shekaru na yawan jirage da takun ƙafa da ɗumamar ruwa sun ci murjanin wurin sosai. Wanda ya damu da ganin lafiyayyen murjani ya nemi tsibirin Chumbe, kudu da birni, wanda aka killace tun 1994 kuma ake ƙayyade adadin masu shigarsa a rana.

A can ƙarshen kudu akwai Kizimkazi, wadda ta yi suna da kifin dolfin. Ban ga abin yabo ba a yadda ake yin wannan yawo a mafi yawan ranaku: jirage masu inji suna rige-rigen bin garke ɗaya, mutane suna tsalle a kansu. Akwai masu jirgin da ke kashe inji su jira daga nesa, su ya kamata a nema. Amma Kizimkazi tana da abin da ya fi dolfin. A unguwar Dimbani akwai wani ƙaramin masallaci wanda daga waje ba za ka ce komai ba, rufin kwano ne da farin bango. A jikin alƙiblarsa akwai rubutun Kufi da ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. An sake gina yawancinsa a ƙarni na 18, amma rubutun yana nan, kuma har yau ana salla a ciki. Motocin baƙi da yawa suna wuce shi a guje don su riski jirgin safe.

Birnin dutse

Ya kamata a fara ganin Stone Town, ko Mji Mkongwe a bakin masu shi, daga cikin ruwa, kamar yadda matafiya suka riƙa ganinsa. Mai shigowa ta jirgin Darussalam, tafiyar kamar sa'a biyu, zai ga jerin fararen gine-gine: fadar sarakuna, tsohon asibiti mai barandar katako, ganuwar da Omanawa suka gina bayan sun kori Fotugis a 1698, da Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Bargash ya gina a 1883, wanda shi ya fara samun lantarki a tsibirin. Wani sashe nasa ya rufta a Disambar 2020. Dutsen murjani da farar ƙasa da aka gina birnin da su suna shan damshi, kuma gidan da aka bari ba gyara ba ya daɗewa. UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, amma suna ba ya toshe rufi.

A gaban waɗannan gine-gine aka yi yaƙin da ake cewa shi ne mafi gajarta a tarihi. Ranar 27 ga Agusta 1896 jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wuta a kan fada saboda Khalid bin Bargash ya hau gado ba da yardarsu ba. Kafin minti 45 an gama. Mutanen Khalid kusan 500 suka mutu ko suka ji rauni, shi kuma ya fake a ofishin jakadancin Jamus. Shekara bakwai bayan haka dakarun Ingilan suka isa Kano da Sakkwato.

Cikin birnin kuwa, wanda ya san lungunan cikin ganuwar Kano ba zai ji baƙunta ba: hanya ta ƙuntata har mota ba ta shiga, ta lanƙwasa, ta rabu uku, ka ɓata, ka fito inda ka baro. Gidaje da yawa suna da dakali a ƙofa, wanda suke kira baraza, inda dattawa ke shan gahawa a ƙananan kofuna. A mahaɗar da ake kira Jaws Corner nan ake fashin baƙin siyasa da ƙwallo tun safe. Ƙofofin katako masu sassaƙa su ne abin alfaharin birnin. Na Larabawa masu kusurwa huɗu ne, sau da yawa da ayar Alƙur'ani a sama, na Indiyawa kuma masu baka ne da manyan ƙusoshin tagulla. Ɗaya daga cikin waɗanda 'yan jagora ke nunawa ita ce ta gidan Hamed bin Muhammad, wanda aka fi sani da Tippu Tip, attajirin hauren giwa da bayi da ya mutu a 1905.

Da wannan dukiyar aka sassaƙa ƙofofin. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya maido da fadarsa daga Maskat zuwa nan wajen 1840, ya matsa wa masu ƙasa su dasa kanumfari, kanumfari kuma yana bukatar hannaye. Ayari ya riƙa shiga cikin nahiyar har bayan Tafkin Tanganyika yana fitowa da mutane a ɗaure. A 1873 Ingila ta tilasta wa Bargash rufe kasuwar bayi ta birnin, kuma a kan filinta, a Mkunazini, aka gina majami'ar Angalikan. A harabarta akwai wani rami da aka kafa gumakan mutum biyar a ciki, sarƙa a wuyansu, da kuma ɗakin baje kolin tarihi wanda ya cancanci a ba shi sa'a guda cur. Rufe kasuwa bai rufe cinikin ba. A Mangapwani, arewa da birni, har yanzu ana nuna wani ɗaki da aka haƙa cikin dutse a bakin teku, inda ake cewa an riƙa ɓoye bayi kafin a loda su. Gabar da wannan zamani ya shuka ita ta fashe ranar 12 ga Janairu 1964, wata guda da samun 'yancin kai, lokacin da aka kifar da Sarki Jamshid aka kashe dubban Larabawa da Indiyawa. A watan Afrilu Abeid Karume na Zanzibar da Julius Nyerere na Tanganyika suka haɗa ƙasashen biyu, aka samu Tanzaniya. Cikin matasan da suka bar tsibirin a shekarun da suka biyo baya akwai Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021. 'Yan jagora sun fi nuna gidan da ake dangantawa da mawaƙi Freddie Mercury, don shi Turawa ke tambaya.

Daga bakin ruwan birni ƙananan jirage suna kai mutane tsibirin Changuu cikin rabin sa'a. An gina kurkuku a can a 1893, ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai ya zama wurin killace matafiya masu cuta. Yanzu manyan kunkuru ne masu gidan, zuriyar guda huɗu da gwamnan Seshel ya aiko a 1919, wasunsu sun fi ƙarfin mutum biyu su ɗaga. Sai Nakupenda, tudun yashi a tsakiyar teku, ba bishiya ba gini, wanda ke fitowa idan ruwa ya janye. A kafa rumfa, a gasa kifi da jatan lande, a ci a yi wanka, kafin la'asar a naɗe komai don wurin zai nutse. A nan ne za ka lura da agogon Sawahili: lissafinsu daga wayewar gari yake farawa, don haka idan mai jirgi ya ce ƙarfe biyu na safe da harshensu, takwas yake nufi. A tabbatar da wane agogo ake magana kafin a rabu.

Da almuru kowa Forodhani yake nufa, lambun da ke gaban ganuwa. Samari suna sheƙowa a guje su yi alkafura daga kan katanga zuwa cikin ruwa, masu abinci suna kunna fitilu. Akwai tsire, wanda suke kira mishkaki, akwai urojo, romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. Shawarata a ci abin da aka soya a kan idonka. Kayan teku da aka jera tun yamma ba duka ne na ranar ba.

Kanumfarin da ke cikin shayi da yaji da kunun gidajenmu, mutane da yawa ba su taɓa ganin bishiyarsa ba. A gonakin Kizimbani da Kidichi, ɗan nesa kaɗan da birni, ana nuna ta: doguwa ce, kuma abin da muke sani toho ne na fure da ake tsinkewa da hannu kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi baƙi. Nan za a kankaro maka ɓawon kirfa, a nuna maka masoro yana hawa bishiya, a fasa gyaɗar ƙamshi. Gaskiya gonakin nan na nuni ne. Tun guguwar 1872 da ta karya bishiyoyin Unguja, Pemba ce ke riƙe da noman. A hanyar komawa gabas kuma ana ratsa dajin Jozani, mazaunin wani jan biri da babu irinsa a ko'ina sai a tsibiran nan, wanda ke cin gawayi don ya kashe dafin ganyen da yake ci.

Tsakanin otal da ƙauye

Ga Musulmi matafiyi, Zanzibar tana da sauƙin da tsibiran hutu da yawa ba su da shi. Nama yankan Musulmi ne, kiran salla yana iso ka har bakin ruwa, kuma matar da ta shiga teku da cikakkiyar sutura ba wanda zai kalle ta sau biyu. Yawancin jama'a Shafi'awa ne, sai Ibadawa 'yan asalin Oman, waɗanda ke sakin hannu a salla kamar yadda Malikawa da yawa ke yi, da kuma 'yan Shi'a daga zuriyar Indiyawa. Amma kada a yi zaton bakin tekun Nungwi zai yi kama da cikin gari. Manyan otal-otal suna sayar da giya, Turawa suna kwance da kayan wanka da ba su rufe komai ba, kuma mai tafiya da iyali ya kamata ya tambayi irin masaukin kafin ya biya. Akwai waɗanda ba sa sayar da giya ko kaɗan. A watan azumi gidajen abinci da yawa a birni suna rufewa da rana.

Katangar otal tana raba fiye da sutura. A 2012 wata ƙungiyar Birtaniya mai suna Tourism Concern ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a wasu ƙauyukan gaɓar tsibirin, ɗaki guda na babban otal yana iya cin lita sama da 3,000 ta ruwa a rana, alhali gida guda na ƙauyen bai kai lita 100 ba. Ƙasar gabas dutsen murjani ce mai ramuka, ruwan daɗi kaɗan ne a ƙarƙashinta, kuma idan aka zuƙe shi da yawa sai na gishiri ya maye gurbinsa a rijiyoyi. Mita kaɗan bayan tafkin wanka na otal za ka ga 'yan mata da jarkoki a layin famfo. Ayyuka masu tsoka a otal-otal ma sau da yawa suna hannun 'yan babban yankin Tanzaniya da baƙi, saboda sun fi jin Turanci da Italiyanci. Baƙo ba zai gyara wannan a hutun mako guda ba, amma yana da zaɓin inda kuɗinsa zai sauka: ƙaramin masauki na 'yan gari, mai jirgin da aka yi ciniki da shi kai tsaye, shinkafar pilau a rumfar ƙauye, hawa motar haya ta dala-dala ko da sau ɗaya.

Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar yawanci ta Addis Ababa ko Nairobi zai bi ya sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Ya ɗauki katin rigakafin shawara. Ya nemi biza tun da sauran makonni, domin an daɗe ana sa masu fasfon ƙasashen biyu cikin waɗanda sai an tantance takardunsu kafin su taso. Tun Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da suna da wata. Idan za a bi ta ruwa daga Darussalam, a hau manyan jirage masu rajista, a kuma guji duk wanda aka yi wa lodi fiye da kima. Mutanen tsibirin ba su manta da Spice Islander ba, wanda ya kife a Satumbar 2011 a hanyar Pemba da ɗaruruwan rayuka.

Ita Pemba, ƙaramin jirgin sama yana kai mutum Chake Chake cikin kamar rabin sa'a. Tuddai ne da kwaruruka kore shar, dajin Ngezi a arewa, gaɓar Vumawimbi wadda za ka iya wuni a kanta ba ka ga kowa ba sai masunta da shanu, da tsibirin Misali mai murjanin da masu nutso ke yi wa doguwar tafiya. A lokacin girbi ana shanya kanumfari har a gefen titi, direba yana kauce wa tabarmi. Masaukai kaɗan ne, hanyoyin cikin ƙauye ba su da kyau, injin cire kuɗi kuma sai a manyan garuruwa, don haka a kama ɗaki tun kafin a taso, a kuma riƙe shilin a aljihu.